Wankin Gwaggo

Duk wanda ya san Soso a zamanin da yake aiki, in aka ce masa yau ga shi can a ɗakin baya, tabarau a karan hanci, yana shafa wa jirgi datti da tsohon buroshin haƙori, zai ce sharri ake yi wa bawan Allah. To ba sharri ba ne. Shi da bakinsa yake ba da labarin, yana dariya har da riƙe ciki. "Shekara talatin da 'yan kai ana biyana in cire datti daga jikin jirgi," in ji shi, "yanzu na tsufa ina mayar da shi kyauta. In akwai wanda ya fi ni asarar sabulu a duniyar nan, a nuna mini shi in je in gaishe shi."

Yana da suna na gaskiya kamar kowa, amma ko mai ɗakinsa sai ta ɗan yi tunani kafin ta tuno shi. A rumfar wankin jirgi aka laƙaba masa Soso, sunan ya bi shi gida, ya bi shi kasuwa, ya bi shi har ritaya. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa duk sabulu ya cinye shi ya yi fari-fari. Mutum ne da ba zai iya zama a falonka ya ga ƙura a kan talabijin ya ƙyale ba. Kana juya baya zai sa hannun riga ya goge, in ka kama shi ya ce hannun ne, ba shi ba.

Ba wanki ya je nema a reluwe ba, tuƙi ya je nema. Su biyu ne wurin iyayensu, shi da Yaya, kuma tun suna yara duk inda Yaya ya sa ƙafa nan yake sa tasa. Yaya dogo ne mai murya, irin mutanen nan da ko gaisuwa suke yi sai ka ɗauka faɗa ne. Shi ya fara shiga reluwe, ya yi ta hawa har ya zama direba, sannan ya jawo ƙanensa. Komai ya tafi daidai har ranar gwajin ido. Likita ya kunna fitila biyu a ƙarshen ɗaki, ɗaya ja ɗaya koriya, ya ce ya faɗi wacce ce wacce. Soso ya ƙura musu ido, ya karkata kai, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai duk ɗaya ne, sai dai ta hagun ta ɗan fi haske." Likita ya ajiye biro a hankali. Da suka fito Yaya ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kai, Allah ya rufa wa fasinjoji asiri." Washegari aka miƙa masa bokiti da tiyo da buroshi mai dogon mariƙi.

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har ya ɓuya a bayan rumfa ya yi kuka da gemunsa. Da ya gama ya wanke fuska da tiyon gwamnati, ya ce tunda ba zai ja jirgi ba, to zai yi masa wankin da ba a taɓa yi ba. A bakin aikin nan ya samu mata. Ta rako wata ƙawarta tasha, tiyo ya kuɓuce masa, ya jiƙa ta sharkaf daga kai har ƙafa. Yakan ce ita kaɗai ce ribar da ya ci a reluwe, ita kuwa takan ce har yau tana jiran ya ba ta haƙuri.

Akwai wani ɗan layi da ke zuwa wurin fasa dutse. Kan jirgi ɗaya tal ke binsa, shuɗi mai farin ratsi, kuma Yaya ne direbansa. Ma'aikata suka sa masa suna Gwaggo, don ba ya tashi da safe sai ya yi tari, ya yi mita, an lallashe shi, daga nan kowa ya koma ce masa ita. Kullum da yamma Gwaggo za ta dawo samanta fari fat da garin dutse, ƙasanta baƙi ƙirin da mai, tsakiya kuwa ba a magana. Yaya ya sauko, ya karkaɗe hula, ya wuce abinsa. Soso ya bi shi da, "Yaya, wai a kan dogo kuke tafiya ko birgima kuke yi?" Yaya ko waiwaye. Da safe zai tarar da ita fes, ya zagaya ta hannu a baya, ya tono wani ɗigon mai a ƙarƙashin matakala wanda ko ƙuda bai gani ba, ya nuna da yatsa. Godiyar ke nan. Soso yakan ce a duk shekarun nan sannu ɗaya ya taɓa samu, ranar da Yaya ya taka masa ƙafa, ita ma da ƙyar ta fito.

Daga baya aka rufe wurin fasa dutsen, layin ya mutu, ciyawa ta rufe dogo. Gwaggo ta yi ta zama a ƙarshen filin tasha har masu sayen ƙarfe suka zo suka yanka ta gunduwa-gunduwa suka kwashe. Yaya bai je ya gani ba. Soso ya je, ya tsaya daga nesa, kuma abin da ya fi ba shi haushi, don ka san irin kansa, shi ne da dattinta aka yanka ta.

Kusan tare suka yi ritaya. Matar Yaya ta rasu, 'yarsa guda tana aikin nas a wani gari mai nisa, sai kuma ciwo ya kwantar da shi, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Soso ya ɗauko shi ya kawo shi gidansa, aka ba shi ɗakin gaba. Jikin ya ɗan dawo, amma tunani ya fara yoyo. Yau ya manta inda banɗaki yake, gobe ya tambayi ina matarsa ta je. Wata safiya Soso ya shiga masa da shayi, sai Yaya ya gyara zama, ya sunkuyar da kai cikin ladabi, ya ce, "Ina kwana, Malam? Ana ta ɗawainiya da ni. Sannu, Allah ya saka."

Soso ya yi dariya, ya ɗauka tsokana ce. Ba tsokana ba ce. Tun daga ranar ya zama Malam, wani mutumin kirki da ke kawo shayi. Yakan ce wa mai ɗakinsa, "Kin ga ikon Allah. Tun ina yaro nake neman sannu a bakin mutumin nan, yanzu ga ta nan kullum har da ƙari, kuma wallahi ba na so. A mayar mini da tsawata." Yana faɗa yana dariya, amma ita ta san inda dariyar take tsayawa. Abin yana cinsa a rai. So yake Yaya ya san shi, ko sau ɗaya ne, ko da zagi ne.

Maganar ƙaramin jirgi kuwa, dutsen guga ne ya jawo ta. Tsakanin shayin Yaya da maganin Yaya yini yana da tsawo, Soso ya wanke tagogin gidan har mai ɗakinsa ta fara jin tausayin gilashi. Don ta huta ta aike shi shagon gwanjo ya duba mata dutsen guga. A ƙarƙashin tebur, tsakanin tsofaffin takalma da wata fanka mai karyayyen wuya, ya ga wani kwali. A ciki ga 'yan guntayen dogo, wasu miƙaƙƙu wasu lanƙwasassu, ga taragai kowanne bai fi kwalin ashana biyu ba, ga ɗan akwatin lantarki mai abin murɗawa, ga kuma kan jirgi guda wanda tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. Ya ɗaga shi ya juya, sai ya ga ƙirar Gwaggo ce sak in ban da launi. Ya dawo gida rungume da kwali. Da ta tambaye shi dutsen guga ya ce bai ga mai kyau ba. Ta leƙa kwalin, ta dube shi, ta ce, "Baban yara, yaran namu dai duk sun yi aure."

Ɗakin baya nan take ajiye manyan tukwane da tsohuwar katifa da keken ɗinkin da ya daina aiki. Ya ture su gefe guda, ya samo tsohon ƙyauren ƙofa ya ɗora a kan durom biyu, shi ke nan an samu fili. Ya jera dogo ya zagaye, ya kafe shi da ƙananan ƙusoshi, yana dukan yatsa fiye da yadda yake dukan ƙusa. Tsakuwar ƙarƙashin dogo yashi ne ya tankaɗe da matacin shayinta ya bi da ruwan gam, kuma har yau ba ta yafe masa matacin ba. Ya yi tudu da jaridu da takardar buhun siminti, ya fafe gefensa ya zama wurin fasa dutse. Bishiyoyi da tsohon soso ya yi su a kan 'yan wayoyi, ya rina su da kyau, ya kira ta ta gani. Ta ce sun yi kyau, sai dai ita ba ta taɓa ganin daji launin tukunyar ƙasa ba. Ita ta sake rina su, tana yi tana mita. Ya gina tasha da kwali, da ofishin manaja, da rumfar wanki, kuma rumfar ta ninka ofishin girma. Ya ce a wannan reluwen shi ne gwamnati. Ranar da ya fara jona wuta, jirgin da baya ya tafi, ya sha kwana da gudu, ya faɗa cikin tukunya.

Shuɗi dai yana ganinsa, don haka ya fente kan jirgin shuɗi, ya ja masa farin ratsi da tsinken sakace. Kuma kullum da safe sai ya bi komai da tsumma ya goge, taragai, dogo, rufin tasha, har bishiyoyin. Ko asibiti bai kai reluwen nan tsabta ba. Bai nuna wa Yaya ba. Kullum sai ya ce sai ya gama, alhali tsoro yake ji.

Ana nan sai ga Nas, 'yar Yaya, ta zo duba mahaifinta. Ta ga yadda baffan nata yake ɗago shi daga gado zuwa keken marasa lafiya, ta ji ƙarar da bayansa yake yi, ta zaunar da shi a falo. "Baffa, ƙarshen wata zan zo da mota in tafi da Baba. Gidana kusa da asibiti yake, kuma in aka ci gaba haka ku biyu zan koma jinya." Ya zabura ya miƙe don ya nuna mata da sauransa, bayan ya riƙe, sai da ta kama shi ta zaunar. Gardama ta ƙare ke nan. Garin da nisa, kuma shi da Yaya duk ba yara ba ne. Ba wanda ya faɗi sauran maganar, amma kowa ya san ta.

A ranar, bayan ta tafi, ya turo keken Yaya zuwa ɗakin baya. Ya murɗa, Gwaggo ta taso tana ƙyalli, ta ja taragai, ta wuce tasha, ta zagaya tudu, ta dawo. Soso ya tsaya a gefe yana satar kallon fuskar ɗan'uwansa. Yaya ya bi ta da ido zagaye ɗaya, ya yi murmushin ladabi. "Na yaranka ne, Malam? Allah ya raya su."

"Amin," in ji Soso.

Da ya mayar da shi ɗaki, ya dawo ya zauna a kan tsohuwar katifa. Mai ɗakinsa ta shigo ɗaukar tukunya, ta kalli jirgin, ta kalle shi. "Kai ma dai. Wannan ai amarya ce, ba Gwaggo ba. Ni da nake kawo maka abinci rumfa da yamma ban taɓa ganinta haka ba. Tsohuwa ce duƙun-duƙun mai warin mai."

Ya buɗe baki zai ce wannan cin fuska ne ga aikinsa, sai ya rufe. Gaskiyarta. Kullum Yaya ya sauko da yamma, wacce yake bari a bayansa? Mai datti. Ashe shi da hannunsa ya goge abin da ɗan'uwansa zai gane ta da shi.

Nan aka shiga abin da shi da kansa yake kira haukansa na tsufa. Ya fara da tarago guda don gwaji. Ya dangwalo baƙin fenti ya shafa a gefe, ya juya ya ajiye buroshi, ya juyo, sai ya ga taragon fes. Ya duba hannunsa na hagu, ga tsumma. Wallahi bai san sa'ad da ya goge ba. Ya sake shafawa, hannun ya sake gogewa. Dama na ɓatawa, hagu na gyarawa, yini guda ba a ci gaba ba. Ƙarshe sai da ya roƙi mai ɗakinsa ta kwashe duk tsummokaran ɗakin, shi kuma ya riƙa danne hannun hagun a ƙarƙashin cinya.

Sai maganar tsatsa. Ya haɗa fenti a murfin kwalba, ya yi ta gaurayawa har ya samu abin da idonsa ya ce masa tsatsa ce tsantsa. Ya bi taragai ƙusa-ƙusa, ya jawo musu ita daga sama zuwa ƙasa yadda ruwan sama yake jan ta, har wuyansa ya ƙage. Ya kira ta cikin alfahari. Ta ari tabaransa, ta duƙa, sai kafaɗunta suka fara rawa. "Baban yara, a rijiya suka kwana?" Kore shar! Gansakuka ya yi musu. Ta yi dariya har ta zauna a kan tukunya, shi ma da ya ga ba mafita sai ya taya ta. Ya ce likitan nan dai, duk inda yake, ya san aikinsa.

Daga ranar ya daina yarda da fenti. Ya ce tunda ido ya ci amanarsa, ta gaske zai nemo, don tsatsa tsatsa ce ko da wane launi ya gan ta. Ya zuba tsofaffin ƙusoshi a gwangwani da ruwa da gishiri ya ajiye a bayan ƙofa. Jiran ya gagare shi, ya fita da reza da takarda yana kankare ƙarfen ƙofar gida, daga nan ya zarce zuwa ta maƙwabci. Maƙwabcin ya fito ya tarar da dattijo a durƙushe yana tara tsatsar ƙofarsa a takarda.

"Lafiya, Baba Soso?"

"Lafiya lau. Aro nake yi."

Mutumin ya koma ciki da baya da baya. Da yamma matarsa ta shigo ta yi wa mai ɗakin Soso jaje a kaikaice.

Ya daka gawayi ya tankaɗe. Ya kankaro baƙin gindin tukunya. Ya goga dutse a kan dutse ya samu farin gari. Ya tsiyayo ɗigon mai daga mataccen keken ɗinki ya kwaɓa da gawayin. Ya jera su a murafen kwalba, mai ɗakinsa kuma ta zame masa ido: wannan ya yi ja da yawa, wancan ƙara masa toka. A nan ne, karo na farko tun da ya fara wannan shirme, ya ga ashe shi ma ya san wani abu. Tsatsa daga kan ƙusa take farawa, ta gangaro siririya. Mai daga bakin tanki yake malalowa, ya fi kauri a sama. Hayaƙi baya yake kwantawa a kan rufi, ba gaba ba. Garin dutse yana son duk wani lungu mai kallon sama, taɓo kuwa ƙafafun jirgi ne ke watso shi, shi ya sa yake zuwa a karkace. Duk wurin da ya taɓa zagi da soso a hannu, yanzu ga shi yana lallaɓa shi da bakin tsinke. "Ku shigo," yakan ce musu, "tsofaffin abokan gaba. Gidan ya zama naku."

Gwaggo ya bari sai ƙarshe, wata kuwa yana ta ƙarewa. Sai da hannunsa ya faɗa a kan taragai sannan ya ɗauko ta. Ya daɗe yana kallon ƙyallinta, ya ce mata ta yafe masa. Bai yi mata dattin yau da kullum ba. Na ranar da ta fi kowace muni ya tuno, ranar da ruwa ya sauka bayan an yi lodin garin dutse, ta dawo ko lambarta ba a gani. Ya shafa, ya barbaɗa, ya hura, ya ƙara. Ya dusashe farin ratsin, ya rufe gilashin gaba. Duk sa'ad da ya ce ya isa haka, sai ya tuna da "na yaranka ne", ya ƙara kaɗan. Da ya gama, mai ɗakinsa ta dube ta ta ce, "To, yanzu kam ita ce. Amma ka ci mata mutunci." Shi kansa in ya shigo ɗakin sai ya ji jikinsa yana ƙaiƙayi.

Ranar tafiya Nas ta iso da hantsi. Gida ya kacame da hidima, ana naɗe bargo, ana zuba magunguna a leda, ana neman ɗaya takalmin. Soso ya sa rigarsa mai kyau ta zuwa unguwa da hula, wai don sallama, ya yi ta zirga-zirga yana tare wa mutane hanya. Da aka gama lodi ya ce, "'Yata, ara mini shi kaɗan." Ta duba agogo, ta dubi fuskarsa, ta ce to, tana mota.

Ya tura keken har bakin ƙyauren, daidai rumfar wanki. Wannan karon bai bar ta ta yi gudu ba. Ya murɗa kaɗan, Gwaggo ta fito daga bayan tudu tana jan jiki, taragai na binta, ta gangaro ta zo gaban rumfa, ya tsayar da ita.

Yaya ya dube ta. Murmushin ladabin nan ya fara tahowa, ya tsaya a hanya. Ya sunkuyo. Ya ɗago hannunsa mai lafiya, ya miƙa yatsa, ya ja shi a gefenta daga gaba zuwa baya, ya bar shuɗin layi a cikin baƙi. Soso ya cije leɓe. Yaya ya juya yatsan ya duba. Girarsa ta haɗe, jijiyar wuyansa ta tashi, fuskar da Soso ya yi wata da watanni bai gani ba ta dawo gaba ɗaya.

"Gwaggo ce," in ji Yaya.

"Ita ce," Soso ya amsa. Ya matso, ya sa fuskarsa inda za a gan ta.

Yaya ya ɗago ya dube shi ido cikin ido. "Malam, wa ya bar ta haka?"

Malam. Har yanzu Malam. Duk wahalar nan jirgi ya samo wa suna, shi bai samu nasa ba. Ga tambaya tana jiran amsa, ga mai laifin a tsaye da riga mai kyau. Ya ce, "Wani ne. Wani sakarai."

"Sakarai kuwa!" Yaya ya buga hannun keke. "Dubi nan. Dubi gilashi. Da me zan ga hanya? Ai ƙanena ba ya barinta ta kwana haka. Ko zazzaɓi yake yi, ko ruwa ake yi, sai na zo na tarar da ita tas. Duk reluwen nan ba mai hannunsa, Malam. Ni dai ba na faɗa masa, kada kansa ya yi girma." Ya nuna ƙofa da baƙin yatsansa. "Je ka kira mini shi."

Soso ya fita, bai ma san yadda ya fita ba. A lungun da ke tsakanin ɗakin da kicin ya jingina da bango, hawaye suka zubo masa, na daɗi da na baƙin ciki a haɗe. Mai ɗakinsa tana tsaye a wurin, ta ji komai, ita ma idonta ya cika. Ta shiga kicin ta fito da 'yar roba da ruwa, da gutsuren sabulu, da auduga.

Ya dubi robar, ya dubi rigarsa. Sai ya cire hula ya miƙa mata, ya tuɓe rigar, ya rage daga shi sai singileti, ya nannaɗe ƙafar wando har gwiwa, alhali ruwan bai kai kofi biyu ba. Ya karɓi robar, ya ja hanci, ya tura ƙofa da ƙafa.

Yaya ya juyo. Bai yi murmushi ba, bai gyara zama ba. Ya watsa masa harara tun daga kai har ƙafa.

"Sai yanzu ka ga dama? Ina ka shige tun ɗazu, Soso?"

"Ruwa na je nema, Yaya."

"Ruwa! Dubi yadda ka bar ta."

"Na gani."

Ya durƙusa a gaban ƙyauren, ya tsoma auduga, ya matse, ya fara daga rufi. Hayaƙin da ya sha wahalar kwantarwa ya biyo ruwa ya gangaro, tsatsar maƙwabci ta narke, ruwan robar ya yi baƙi. Shuɗin ya fara fitowa, ba mai ƙyallin nan na da ba, wani tsohon shuɗi mai baƙi-baƙi a kowace gaɓa inda auduga ba ta kaiwa. Yaya ya sunkuyo a kansa yana huci a wuyansa, yana nuna wurare da yatsa, yana tsaki. Soso bai taɓa jin daɗin tsaki irin na yau ba.

A waje Nas ta danna hon.

"Yi sauri mana," in ji Yaya. "Ana jirana."

"To, Yaya."

Ya yago sabuwar auduga, ya sake komawa kan rufin da ya riga ya gama.